Tokar Da Ta Sauka Kan Shanya

An wayi gari toka ta rufe rabin unguwar. Ba irin ta murhu ba ce da za ka hura ta tashi. Wannan mai maiƙo ce, tana ɗan ƙyalli, ga wani wari kamar an ƙona roba an zuba mata tsami. Tattabarun wani bakanike suka zube a ƙasan akurkinsu. Yara suka tashi da tari da jajayen idanu. Mahaifiyar telan unguwa, wadda dama fuka ke wahalar da ita, aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibitin unguwa aka saka mata robar numfashi. Kafin rana ta yi zafi mutane sun gama shari'arsu a bakin titi: Baba mai burodi ne. Shi kaɗai ke da dogon bututun hayaƙi a unguwar, kuma wani ya ji wani ya ce wai kwanan nan yana haɗa itace da tsoffin tayoyi.

Ni aikina bin sawu ne, sai dai ba na mutum ko na dabba ba. Sawun iska nake bi, har a ofishinmu na kula da muhalli ba mai kirana da wani suna sai Mai Bin Iska. Muna da manhaja a kwamfuta. Ka gaya mata inda iska ta fito da ƙarfinta, ka gaya mata nauyin ƙwayar toka da tsawon wurin da hayaƙi ya tashi, sai ta zana maka inda tokar za ta sauka. In ka juya tambayar, ka nuna mata inda tokar ta sauka, sai ta koma da baya ta nuna maka inda aka hura wutar. Na zauna a ofis na tambaye ta. Ta zana wani dogon harshe a kan taswira, gindinsa ya dira daidai kan gidan burodi.

Sufeton 'yan sanda ya zo da kansa, ya tsaya a kaina yana murmushi.

“Madam, ai magana ta ƙare. Na riga na sa kwaɗo a tanderun. Sa hannunki kawai nake jira, a soke masa lasisi, a kai shi kotu.”

“Sai na je na gani da idona.”

“Kwamfutarki ce fa ta faɗa.”

“Abin da aka gaya mata take maimaitawa, Sufeto. Ba ta taɓa shaƙar iska ba.”

Na faɗi haka da ƙarfin hali, amma ba na son zuwa. A unguwar nan na yi zaman aurena. Tun da maigidana ya rasu na tattara na bar ta, ko a mota ba na yarda a bi da ni ta titinta.

* * *

Maigidana shi ke kafa ma'aunan iska na ofishinmu, shi ke gyara su. Kullum da tsani a kafaɗa, har unguwa ta sa masa Mai Tsani, ni kuma na zama Matar Mai Tsani. Ma'aunin da manhajata ke dogara da shi a wannan yankin yana kan rufin asibitin unguwa, kuma shi ya kafa shi da hannunsa.

Ranar da ya kafa shi, Kawu mai hoto ya fito daga shagonsa ya ɗauke shi yana can ƙololuwar tsani, hannu ɗaya a jikin sandar ƙarfen, baki buɗe yana dariya. Mutum ne da ba ya son hoto, in ya ga an ɗaga waya sai ya kawar da fuska, don haka ba ni da wani hotonsa na kirki sai na katin aiki, wanda ya fito a ciki kamar an kama shi da satar akuya. Wannan na kan tsani shi ne shi. Kawu ya saka shi a gilashin gaban shago, ya yi shekaru a wurin. Duk lokacin da na ce mu je mu karɓa sai ya ce, “Bar shi, yana yi wa Kawu talla. In mun tsufa ma karɓa.”

To, ba mu tsufa ba. Da na sauka daga mota, Allah ya sani ba gidan burodi ƙafata ta fara nufa ba.

Gilashin shagon Kawu wayam. Babu amare, babu jarirai masu kuka, babu tsani. Sai alamun inda hotuna suka daɗe manne. Kawu na zaune a kan benci da hannu naɗe da tsumma, ya tsufa tukuf, idanunsa sun yi fari-fari. Sai da na yi magana ya gane ni.

“Matar Mai Tsani? Ke ce? Ikon Allah.”

“Ni ce, Kawu. Ina hotunan?”

“Na cire. Rana ke cinye su.” Ya yi tari mai tsawo. “Masu shagon ma sun ce in tashi, za a mayar da shi wurin sayar da waya.”

“Me ya sami hannun?”

“Ruwan shayi ne.”

Na so in tambaye shi hoton maigidana, sai na fasa. Na ce a raina bari in gama aiki, in dawo da natsuwa in roƙe shi ya wanko min sabo daga fim ɗin kyamarar da ya ɗauke shi da shi. Har na ji wani sanyi a zuciyata da wannan shawarar.

* * *

Baba mai burodi na zaune a gaban ƙofar da aka garƙame, ƙullun jiya ya kumbura ya zubo daga cikin kwanoni ba mai gasawa. Wani ya jefi tagarsa da dutse. Mutumin nan, lokacin da nake zaman makoki, ba safiyar da bai ajiye min burodi mai zafi a bakin ƙofa ba, kuma bai taɓa ƙwanƙwasawa ba.

“'Yata,” ya ce, “an ce ke kika nuna ni.”

“Na'ura ce, Baba.”

“Ai ke ke tuƙa ta.” Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya fi ciwo. “Taya! Ni in gasa wa mutane abin da za su ci da taya? Yaran da suka jefe ni, da burodina aka yaye su.”

Na roƙi Sufeto ya buɗe kwaɗon. Na zura hannu cikin bututun na lakato baƙi. Laushi gare shi kamar kwalli, ba maiƙo, ba wari sai na itace. Na fito da kwamfuta na ɗora a kan teburin murza ƙullu. A ofis na bar manhajar da lissafinta na kullum, wato toka mai laushi daga wuri mai tsawo. Amma abin da na gani a kan katangu ɓarɓashi ne mai nauyi, wani ma ya kai girman farce. Na canza nauyin. Nan take harshen ya gajarce: irin wannan tokar ba ta tafiya nesa, kusa da wutar take zubewa. In daga bututun Baba ta fito, rufinsa da na maƙwabtansa ya kamata su fi ko'ina baƙi. Na leƙa, fes suke.

Sufeto ya ɓata rai. “To yanzu ina take nunawa?”

“Har yanzu yamma, wajen nan. Amma ba kowa tsakanin nan da inda tokar ta zuba, sai filin ƙwallo.”

“Ke nan filin ƙwallo zan kama?”

“Ke nan akwai abin da ake yi mata ƙarya a kai,” na ce. “Ban dai san mene ne ba tukuna.”

* * *

Inda tokar ta fi kauri shi ne gidan mai wanki. Tun daga ƙofa nake jin muryarta. Mace ce da in ta fara magana ba ta bari a sa mata baki, a da ma haka take. Ta rungume ni, ta yi kuka, ta ce na rame, ta ce na yi ƙiba, sannan ta ja ni bayan gida.

“Dubi! Zannuwan gadon asibiti ne, farare tas na shanya su jiya da yamma don su sha iska. Dubi abin da tsohon nan ya yi min. Na bar su a kan igiya don hukuma ta gani, ko taɓa su ban yi ba.”

Allah ya yi wa rigimarta albarka. Igiyoyinta biyu ne, ɗaya ta miƙe daga gabas zuwa yamma, ɗaya daga kudu zuwa arewa. Na bi su ina zagayawa. Zannuwan da ke fuskantar yamma, wajen gidan burodi, ɗigo-ɗigo ne kawai a jikinsu. Waɗanda ke fuskantar kudu kuwa, fuska ɗaya ta yi baƙi ƙirin, ɗayar fari sol. Jiƙaƙƙen zane ba ya sakin abin da iska ta liƙa masa.

“Yaya,” na ce, “tun jiya haka suke? Ba ki juya su ba?”

“In juya su in ce me? Ke ma dai.”

Na kankare ɓarɓashin daga jikin wani zane na zuba a kwalba. Ma'aunin ya ce iskar asubahin nan daga yamma ta taso. Zannuwan sun ce daga kudu. Sufeto da jin kudu ya buga cinya.

“Mai gwangwan! Filinsa na can ƙarshen kudu. Sau nawa ina kama shi yana ƙona wayar wuta don ya ciro jan ƙarfe!”

* * *

Mai gwangwan bai ko tashi daga kan tsohon firijin da yake zaune ba.

“Ranka ya daɗe, in kaza ta yi tari a garin nan ni ne. Ku duba.”

Muka duba. Ramin da yake ƙone-ƙone a ciki har ciyawa ta fara tsirowa. Ya ce tun tarar da aka ci shi ya sayi injin fere waya, ya nuna mana shi yana ta cika baki kamar ɗan fari. Ni ba maganarsa na kama ba, hanyar da muka biyo na kama. Tsakanin filinsa da gidan mai wanki akwai layuka na gidaje, kuma duk na shafa katangunsu da gilasan motocinsu muna tafe. Ba ko ɗigo. Toka mai nauyi ba ta tsallake gidajen kusa ta je ta zaɓi na nesa.

“Madam,” in ji Sufeto, yana share gumi, “kin wanke mai burodi da baki, kin wanke mai gwangwan. Amma takardar da ke hannuna har yanzu mai burodi take nunawa. Alƙali takarda ya sani, bai san shanya ba. In ba ki kawo min wata ba kafin a tashi daga aiki, da wannan zan tafi. Kuma mutanen can sun ce in hukuma ta ƙi, su za su rushe tanderun.”

Gaskiyarsa ce. Kuma na san inda ya rage in je, wurin da tun safe nake kauce wa kallonsa.

* * *

Sista, tsohuwar nas ɗin asibitin, ita ta ba ni mabuɗin matakalar rufi, ta biyo ni tana haki. Na tambaye ta jikin mahaifiyar tela, ta ce da sauƙi, numfashin ya fara daidaita.

Sandar na nan yadda na san ta, kofunan auna ƙarfin iska na ta juyawa, kibiyar na kaɗawa a sama. Kibiya iska take bi, ba ruwanta. Sandar da ke riƙe da ita ce aka saita wa arewa, da ita na'urar ke gane gabas da yamma. In sandar ta murɗe, kibiya na faɗin gaskiya, na'ura na rubuta ƙarya, kuma duk wanda ke zaune a ofis ba zai taɓa sani ba.

Bututu biyu ne, na sama zure cikin na ƙasa, noti ya ɗaure su. Mai Tsani na da wata ɗabi'a da abokan aikinsa ke yi masa dariya a kai. Duk sandar da ya saita, sai ya ɗauki jan fenti ya ja layi ɗaya a tsaye ya ratsa mahaɗar, rabi a sama, rabi a ƙasa. Wannan ma da jan farcena ya ja shi, don ranar fentinsa ya bushe, muka yi ta faɗa a kai har gida. Yakan ce in wata rana ba ya nan, layin zai yi magana.

Na durƙusa. Ga rabin layin na ƙasa, ya koɗe amma yana nan. Na sama babu. Na zagaya na same shi a gefe, ya tafi kwata guda na zagayen sandar. Na ɗora yatsana a kai, na kasa tashi. Kewarsa ta taso min gaba ɗaya, kamar yau aka fita da shi. Ban ɓoye wa Sista ba, na yi kukana.

Da na share ido sai na ga wata 'yar eriya fara ɗaure a jikin bututun sama, wayarta ta gangara ta shiga tagar ɗakin nas.

“Sista, wannan fa?”

Ta sunkuyar da kai. “Ta ƙara ƙarfin waya ce. Ɗana na ƙasar waje, in ya kira sai hoton ya yi ta tsayawa, baki buɗe, ba na jin komai. Ya haifi 'ya ban taɓa ɗaukarta ba. Mai gyaran ya ce nan ne wuri mafi tsawo. Ya kwance notin ya yi ta juya sandar har sai da na ce masa na gan su sosai.” Ta dube ni a tsorace. “Laifi na yi ko?”

“Kina ganinta yanzu?”

“Har haƙoranta biyu.”

“To za mu nema wa eriyarki tata sandar,” na ce.

A nan kan rufin na zauna a inuwar tankin ruwa, na buɗe kwamfuta. Na juya iskar da kwata guda, ta koma kudu. Na bar tokar da nauyinta. Na sauke wutar daga tsawon bututu zuwa tsawon mutum. Harshen ya tattare ya zama ɗan guntu, gindinsa ya sauka a bayan layin shagunan da ke kudu da gidan mai wanki. Tsakar gida uku ne a wurin: na tela, wani kango, da bayan shagon Kawu mai hoto.

Na zazzage kwalbar a kan farar takarda, na ɗauko madubin ƙara girma ina tona ɓarɓashin da tsinke. Yawanci ya narke ya dunƙule. Guda ɗaya ne ya tsira, siriri, gefensa a miƙe, da ƙananan huji masu kusurwa huɗu a jere. Na san wannan jerin, gefen fim ɗin hoto ne. Sau nawa na tsaya a shagon Kawu ina ɗaga irinsa ga haske ina neman fuskokin da na sani.

* * *

Sufeto ya tara su a barandar asibiti da yamma: Baba mai burodi, mai gwangwan, mai wanki, tela, Sista, da Kawu a ƙarshen benci. Sauran unguwa suka cika bakin ƙofa. Tela na tsaye, idonsa ja, yana hararar Baba.

Na yi musu bayani a taƙaice. Na ce taswirar farko kuskure ce, ma'aunin ya murɗe, iskar daga kudu ta zo. Na ce tokar ba ta itace ba ce kuma ba daga bututu ta fito ba. Baba ba shi da hannu.

“To wa?” in ji tela. “Uwata ta kusa mutuwa. Wa?”

“Wutar a bayan layinku aka hura ta.”

“Ni kike nufi? Ni zan kashe uwata?”

Hayaniya ta tashi. Mai wanki ta fara lissafo zannuwanta, mai gwangwan ya ce a dai rubuta cewa yau ba shi ba ne. Na buɗe takardar na miƙa wa Sufeto guntun da madubin. Ban kalli kowa ba. Na yi ta addu'a a raina kada a sa ni in faɗi sunan da bakina.

“Bar ta, Sufeto,” in ji Kawu. “Ni ne.”

Ya kwance tsumman hannunsa, ƙunar wuta ce har gwiwar hannu.

“Buhu-buhu ne na fim. Duk wanda aka haifa, duk wanda ya yi aure a unguwar nan tun kafin a sa kwalta, yana ciki. Da aka ce in tashi, gida-gida na bi ina cewa ku zo ku karɓi iyayenku. Kowa ya ce to, Kawu, sai an kwana biyu. Kai tela, ba na ce maka akwai mahaifinka da kekensa na farko ba? Ka ce in tura maka ta waya.” Tela ya nemi wuri ya zauna. “Masu shagon suka ce a zuba a bola. In zuba fuskokin mutane a bola, awaki su taka? Na ce gara wuta. Na tara su a duro da asuba. Suka ƙi ci, suka yi ta narkewa, sai na zuba musu ragowar ruwan wankin hoto da duk abin da ya rage a kwalabe, na ɗora tsofaffin firam na roba. Wallahi ban san hayaƙin zai yi haka ba.”

“Da ka ga an rufe min tanderu fa?” in ji Baba a hankali. “Tare muka girma, mai hoto.”

“Na ji tsoro.” Hawaye suka bi kumatunsa. “Na zo ƙofarka na ga taro, na juya. Ba ni da abin cewa, ka yafe min ko kada ka yafe.”

Baba bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya miƙa wa Sufeto hannu, Sufeto ya saka masa mabuɗin kwaɗon. Waɗanda ke bakin ƙofa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon takalminsa. Mai wanki ce kaɗai ta je ta durƙusa a gaban Baba, ta ce bakinta ne ya ja, ya yi haƙuri.

Sufeto ya ce Kawu ya taso, za a fara ɗaure masa hannun a ciki sannan su wuce ofis. Da Kawu ya zo daidai ni na tare shi. Ba a matsayin Mai Bin Iska ba.

“Kawu, har da na Mai Tsani?”

Ya tsaya, ya juyo gare ni.

“Shi na bari ƙarshe, hoton da fim ɗin. Na tambayi kowa inda kika koma, ba wanda ya sani. Na riƙe shi har wutar ta fara ja baya.” Ya goge ido da hannun mai lafiya. “Da na san kina tafe, 'yata. Da na sani.”

Na matsa na ba shi hanya. Na so in ji haushinsa, na nema na rasa.

* * *

Na sa hannu a sabuwar taswirar. Kafin rana ta faɗi na sake hawa rufin da sifana, na sassauta notin, na juya bututun a hankali har rabin jan layin ya zo ya zauna a kan ɗan'uwansa. Na gwada da kamfas, arewa ce daidai, ko kaɗan bai kuskure ba. Na ɗaure. Daga can sama na ga hayaƙi fari siriri ya fara fita daga bututun Baba, yana karkata arewa.

Sufeto ya karɓe kwalbar da guntun fim ɗin, ya ce shaida ce. Don haka da na sauko sai na bi ta gidan mai wanki. Tana sauke zannuwan tana jefawa a baho tana mita.

“Wannan ko da me aka wanke shi ba zai fita ba. Sista ta ce in zubar kawai.”

Na ɗauki na ƙarshen igiya, wanda ya fi baƙi. Manhajata ba za ta iya gaya min a kan wane zane tokar hoton Mai Tsani ta sauka ba, na sani. Amma shi ne ƙarshen shiga wuta, lokacin da ta ja baya, kuma abin da ya tashi daga wuta maras ƙarfi ba ya nisa. Wannan zanen ya fi kowanne kusa da katangar Kawu.

“Yaya, ki ba ni wannan.”

“Me za ki yi da shi? Kawo in gwada jiƙa miki shi ko zai rage.”

“A'a,” na ce. “Kada ki wanke.”

Ta dube ni, ta dubi katangar. Ta kama gefe biyu, na kama biyu, muka ninke shi, baƙin a ciki.